Intanet ba tare da haƙa rami ba: yadda sabis ke shigowa gida ta iska

Assalamu alaikum jama'a. Idan kana zaune a Rigasa, ko Millennium City, ko sababbin unguwannin da ke tasowa a gefen Mando a garin Kaduna, da wuya a ce an taɓa jawo maka wayar intanet har ɗaki. Amma ga shi kana kallon wannan bidiyo. To ta ina ya biyo?

Dubi ƙarfen sabis ɗin nan da ya zarce rufin gidaje. Fararen akwatunan da ke samansa eriya ne, kowanne ya fuskanci shiyya guda yana watsa sigina. Kai kuma a gida kana da rauta mai layi a ciki. Ita ke kamo siginar, ta mayar da ita Wi-Fi, waya da kwamfuta da talabijin duk su hau.

Dalilin da ya sa wannan hanya ta yi karko a ƙasar nan kuɗi ne. Wayar faiba, wato wayar intanet da ake binnewa a ƙasa, sai an haƙa mata rami, an tsallaka titi da kwalbati, an biya kuɗin izinin bin hanya. An tsayar da naira 145 kan kowace mita a matakin tarayya, jihohi da dama suka riƙa karɓar fiye da haka, har a 2020 gwamnatin Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya. Duk da haka haƙa na nan da tsadarsa, kuma kamfani ba zai ja waya mai nisa saboda gida biyar ba. Ƙarfe ɗaya kuwa ya ishi unguwa. Shi ya sa tun zuwan wayar salula a 2001 muka tsallake zamanin wayar tangaraho ta NITEL, wadda dama ba kowane gida ta shiga ba.

Sai dai fa ita iskar ba ta da yawa a cikin tafiyar. Daga gidanka zuwa ƙarfe ne kawai. Daga can, yawanci faiba ce ke ɗaukar saƙon ta ƙarƙashin ƙasa har Legas, inda manyan wayoyin teku irin su MainOne da Glo-1 suka sauka, suka fara aiki tun 2010. Ka tuna watan Maris na 2024, da wayoyin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma? Sandunan sabis cike a waya, amma shafi ya ƙi buɗewa. Haka ma idan katafila ta tsinke waya wajen aikin titi.

Sannan ba kai kaɗai ke cin wannan sabis ba. Ƙarfin da ke kan ƙarfen rabawa ake yi, kamar famfon unguwa: da asuba ruwa na zuba da ƙarfi, da yamma kowa ya kawo jarkarsa. Bayan sallar Isha, lokacin da kowa ya kishingiɗa da wayarsa, nan ake gane gaskiyar netwok. Mai faiba a gida bai cika shan wannan wahalar ba, kuma a ganina nan ne waya ta fi iska nesa ba kusa ba.

Ita ma siginar iri-iri ce, ana auna mitarta da megahaz ko gigahaz. Ta ƙasa, wajen megahaz 700 zuwa 800, tana nisa kuma tana ratsa bango, amma ba ta ɗaukar kaya da yawa. Ta sama, irin gigahaz 3.5 da hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjonta a Disamban 2021 domin 5G, inda MTN da Mafab suka yi nasara, gudu gare ta sosai, sai dai katanga da rufin kwano na rage mata ƙarfi. Don haka rautar 5G a ƙuryar ɗaki asarar kuɗi ce. Kai ta bakin taga, ɗaga ta sama, ta kalli inda ƙarfen yake.

Wanda ke gona ko ƙauyen da babu ƙarfe kusa, akwai tauraron ɗan'adam. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron, ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Taurarinsa na yawo a nisan kusan kilomita 550, ba 36,000 irin na da ba, shi ya sa jinkirin ya ragu. Kayan da tsada, farantin kamo siginar na son sararin sama ba bishiya, kuma ruwan Agusta mai ƙarfi na iya tsinke shi na ɗan lokaci. Ga batun wuta: in babu sola ko inbata, Nepa na ɗaukewa shi ke nan.

Kafin ka biya kuɗin rauta, ari ta maƙwabci ko ka sa layin kamfanin a wayarka, ka gwada gudunsa a cikin ɗakinka da misalin tara na dare. Kuma idan an ce maka data ba iyaka, tambayi mai shagon gigabait nawa za ka ci kafin a rage maka gudu.