Me zai hana mu rubuta manhajar burauza da Python?

Laccar da aka gabatar wa matasa masu koyon rubuta manhaja a Agege, Legas, an rubuto ta daga sautin da aka ɗauka.

Assalamu alaikum. Malamai, iyayenmu da suka samu halarta, ƙannena maza da mata, sannunku da zuwa.

Tambayar da kuka fi yi mini a watannin nan ita ce: Malam, mun sha wahala mun iya Python, me ya sa za a ce sai mun koma mun koyi JavaScript kafin mu yi abin da zai buɗe a burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome? Tambaya ce mai kyau, kuma ni ma na taɓa yin ta.

A 1995 Brendan Eich ya ƙirƙiro JavaScript a kamfanin Netscape, tun daga nan shi ne yaren da kowace burauza take ji kai tsaye. Java, wadda wani yare ce daban, ta taɓa shiga da ƙananan manhajojinta, amma a 2015 Chrome ya rufe ƙofar da suke bi. Sai a 2017 manyan burauzoji suka karɓi WebAssembly, wani tsari da ake juya manhaja zuwa gare shi don burauza ta iya gudanar da ita, wanda ya ba sauran yaruka hanyar shigowa. A kansa aka gina Pyodide, wanda ke sa Python ya yi aiki a burauza, aikin da aka faro a Mozilla, masu burauzar Firefox, a 2018. Yaren Go ma a shekarar ya samu tasa hanyar, yaren C# kuma ya biyo da tasa mai suna Blazor a 2020. Don haka yana yiwuwa. To amma wa zai biya kuɗin?

Nan nake so ku ba ni hankalinku. Idan Python yana kan saba, wato kwamfutar da ke can nesa tana aiko wa wayoyi shafi, injin da ke fassara shi yana can zaune a wuri guda, mai manhaja ne ke ɗaukar nauyinsa. Ranar da ka ce a burauza zai yi aiki, dole injin nan gaba ɗaya ya sauko cikin wayar mai amfani, megabayit da dama, kafin layi ɗaya na abin da ka rubuta ya motsa. Ko Go, manhajar da ba ta komai sai gaisuwa tana kai megabayit 2.

Na gani da idona. Bara na yi wa wani dillalin tumatir a kasuwar Mile 12 'yar manhajar lissafin kwanduna: nawa aka sauke daga mota, nawa suka lalace a hanya, nawa aka bayar bashi. Da Python na yi, a kwamfutata kuma kamar walƙiya. Na kai masa da sassafe, ana ta sauke kaya. Ya ciro ƙaramar wayarsa mai tsagaggen gilashi, ya danna, shafi ya tsaya fari fat. Muna tsaye, masu dako suna ta wucewa, saƙo ya shigo cewa datarsa ta kusa ƙarewa. Bai ce mini komai ba, sai ya mai da wayar aljihu ya jawo littafinsa da biro. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, don kuɗin datar nan guminsa ne.

Matsala ta biyu, WebAssembly ba ya iya taɓa shafi da kansa. Maɓallin da za a danna, rubutun da zai canza, duk sai an aiki JavaScript. Kamar baƙon da ya sauka Legas ba Yarabanci ba Turanci, ko ruwa zai saya sai da tafinta. Ka ga wanda ka guje wa, shi ne dai za ka koma ka nema.

Sannan burauza killataccen gida ce. A saba kun saba buɗe fayil yadda kuke so, ku haɗu da rumbun bayanai kai tsaye. A nan an hana, kuma daidai ne, don da ba a hana ba kowane shafi sai ya kwashe hotunan wayarka. Ɗakunan karatun Python da yawa, wato shiryayyun layukan da wasu suka rubuta kuke dogara da su, sai an sake gyara su kafin su yi aiki. Kuma ku kiyaye: duk abin da ya sauka a burauza, mai waya zai iya buɗewa ya karanta. Kada wanda ya kuskura ya sa kalmar sirrin rumbunsa a ciki.

Ba ina kushe hanyar ba ne. Figma, manhajar zane da ke buɗewa a burauza, da yaren C++ aka rubuta zuciyarta, ta WebAssembly take gudana, domin aikin zane ne mai nauyi, masu amfani da ita kuma suna kan kwamfuta tsawon yini. Nauyin saukewar ya biya kansa.

Ƙanwata a baya ta ɗaga hannu, tana tambayar yadda muka ƙare da Alhajin tumatir. Na mai da Python ɗin kan saba, can yake lissafinsa, na bar wa wayar shafi mara nauyi da ɗan JavaScript da bai fi layi ɗari ba. Yanzu yaronsa ne ke shigar da kwandunan tun motar ba ta gama tsayawa ba. Bayan sallar la'asar wanda ya zo da kwamfutarsa ya matso gaba, zan nuna muku layukan ɗaya bayan ɗaya.