Mararraba ce ke cin mai keke: lacca kan tsarin tituna a ƙasar Holan

Assalamu alaikum. Jama'a, a shekarar 1971 mutane kusan 3,300 suka mutu a titunan ƙasar Holan, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga suna cewa a daina kashe musu 'ya'ya. Ana cikin haka ƙarancin man fetur na 1973 ya zo, har gwamnati ta hana motoci fita ranar Lahadi na wasu makonni. Daga nan hukuma ta fara sauya tunani, kuma zuwa shekarun 1990 ta tsaya a kan ƙa'ida ɗaya: ɗan Adam ajizi ne, dole zai yi kuskure, saboda haka a gina titin da kuskure ba zai zama ajali ba.

Sai aka raba tituna. A cikin unguwa gudu ba ya wuce kilomita 30 a awa, keke da mota su cakuɗu, domin wanda aka buge a wannan gudun galibi yana tashi. Inda mota ke gudun 50 kuwa, keke na da hanyarsa daban, da jar kwalta, faɗinta kamar mita biyu, da ɗan dakali tsakaninta da motoci. Ku lura, dakali na ce. Layin fenti ba ya tare mota. Direba ya faka a kai, mai keke ya kauce, ya faɗa gaban wata motar. Ko kuma wani ya buɗe ƙofa ba tare da ya waiwaya ba, shi ya sa ake barin tazarar da ƙofar ba za ta kai ga mai keke ba.

To, inda gizo ke saƙa shi ne mararraba. A Holan suna tuƙi ta hannun dama kamar Najeriya da Nijar, don haka ku hango tirela za ta karya dama, mai keke yana gefenta zai miƙe. Akwai wajen da madubi ba ya nuna wa direba komai, kuma ƙafafun baya suna yanke kwana fiye da na gaba. Nan ake murƙushe mutum. Maganinsu abu uku ne da ke aiki tare. Ana gina ɗan tsibirin kankare a kusurwa, wanda ke tilasta wa direba ya taka birki kafin ya sha kwana. Ana janye mahayar keke, wato inda keke ke tsallake titi, baya da kamar mita biyar, tsawon mota guda, ta yadda kafin direba ya iso ta ya gama juyawa, mai keke yana gabansa ta gilashi, ba sai ya leƙa madubi ba. Sannan mai keke yana jiran danja a gaba da motoci, inda kowa ke ganinsa. Babban kuskuren da birane da yawa ke yi shi ne su kashe kuɗi su shimfiɗa hanyar keke mai kyau, ta zo mararraba ta ɓace. A ganina gara a fara gyara mararraba ko da sauran hanyar za ta jira.

A tashar bas ma haka: hanyar keke tana bi ta bayan rumfar fasinjoji, kada bas da keke su riƙa tsallaka juna. Kuma keke ne ke ciyar da jirgin ƙasa da fasinja. A tashar jirgin ƙasa ta birnin Utrecht an kammala ma'ajiyar kekuna kusan 12,500 a 2019.

Saura doka. Idan mota ta buge yaron da bai kai shekara 14 ba yana kan keke ko yana tafiya a ƙasa, ɓangaren mai mota ne ke biyan diyya gaba ɗaya, sai fa in yaron da gangan ya yi. In babba ne, ko da shi ke da laifi, galibi ana biyansa aƙalla rabi, daga inshorar da doka ta wajabta wa kowane mai mota.