Me Ka Gani? Lacca kan Duba Aikin Juna a Ajin Zane Mai Motsi

Assalamu alaikum. Malamai 'yan uwana da ɗalibai, sannunku da zuwa. Na baya, kuna jina? To, madalla.

Mu fara da ɗan lissafi. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowane sakan. Mai zane da hannu yakan rage wa kansa wahala, ya bar kowane zane ya fito sau biyu, sai ya zama zane 12 a sakan. Ko a haka, minti ɗaya kacal zai ci zane 720. To ku ɗauka ɗalibi ya yi wata uku a kan katun na minti biyu, ya sa launi, ya sa sauti, sai ranar nuni abokinsa ya ce, "Ni fa ban gane labarin ba." Gaskiya ya faɗa, amma an riga an yi ɓari, ba a kwashewa duka.

Shi ya sa nake matsa wa ɗalibai su nuna wa juna aiki tun yana ɗanye. Tun farkon shekarun 1930 masu zane a kamfanin Disney suke jera zanen labari a jikin allo, wato sitoribod, a tsaya a kalla, a cire wannan takarda a maƙala waccan. Takarda ɗaya ba ta da zafin yagawa. Daga nan a haɗa zanukan a kwamfuta da lokacinsu, ya zama animatik. A wannan gaɓar ce maganar abokinka take da amfani.

Amma wace irin magana? Nan ne nake so mu daɗe.

Wata ɗalibata ta kawo animatik: yarinya ta tsinci mabuɗi a ƙasa, ta ɓoye, daga baya ta buɗe ɗakin da aka hana ta shiga. Kafin mu kunna na ce mata, "Kada ki ce uffan. Ranar da fim ɗinki zai fita duniya ba za ki bi shi kina bayani ba." Aka kalla. Na tambayi ajin, "Me kuka gani?" Ɗaya ya ce yarinyar ta sunkuya ta gyara takalmi. Wata ta ce kuɗi ta tsinta. Babu wanda ya ga mabuɗin. Da muka koma muka ƙirga, hoto 6 kawai ya yi a fuskar allo, rubu'in sakan ke nan, kuma hannun da ya riƙe shi yana gaban rigarta, sun haɗe. Ita kuwa ta yi makonni tana kallonsa, idonta ya riga ya san inda yake. Abin da abokanta suka ba ta shi ne idon baƙo, kuma mai aiki ba ya taɓa samun wannan a wurin kansa.

Nan take shawarwari suka fara zuba: a ƙara girman mabuɗin, a sa shi ya yi ƙyalli, a sa ta ce "ga mabuɗi". Na dakatar da su. Ciwon sun gano shi daidai, maganin kuwa nata ne. Ta tafi ta fitar da hannun gefe yadda siffarsa za ta fito ko da an cike zanen da baƙi, ta sa yarinyar ta fara kai ido ƙasa kafin ta sunkuya, ta tsawaita wurin zuwa sakan guda. Shi ke nan.

Manya ma haka suke yi. A Pixar, kamfanin katun na Amurka, akwai zaman da suke kira Braintrust, inda daraktoci da marubuta suke kallon fim ɗin ɗan uwansu su faɗa masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Ed Catmull, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya bayyana cewa zaman ba shi da ikon tilasta wa darakta komai. Sun ɗanɗana kishiyar haka: a Nuwamba 1993, bayan sun yi ta bin gyare-gyaren da ake aiko musu daga sama, Woody, jarumin fim ɗinsu na Toy Story, ya koma mugu mai baƙar magana, har aka dakatar da aikin. Sai da suka sake rubutu yadda su suka ga ya dace, fim ɗin ya fito a 1995.

Abu ɗaya yana damuna ƙwarai, shi ne kara. "Ya yi kyau wallahi." Na san da zuciya ɗaya ake faɗa, amma ka bar ɗan uwanka ya tafi da rami a gabansa. Akwai kuma mai zuwa da wuƙa, "Wannan launin bai yi ba sam." Shi ma bai taimaka ba, don daga nan kunne ya toshe. Liz Lerman, mai tsara raye-raye a Amurka, ta fito da wata hanya a 1990 wadda nake aro daga cikinta: ka yi tambayar da ba ka cusa ra'ayinka a ciki ba, kamar "Me ya sa ka zaɓi waɗannan launukan?", sannan ka nemi izini kafin ka faɗi naka ra'ayin.

Ku malamai, ku riƙe bakinku har ɗalibai su gama, don da zarar malam ya yi magana kowa zai bi bayansa. Ku kuma gwada kashe sautin a kallon farko, kowa ya rubuta a takarda sakan nawa ne labarin ya kuɓuce masa.

Na ga hannu a can gefe. Bismillah, malama, a miƙa mata lasifika.