Zauren Iyaye a Waya da Ƙofar Umda

Laccar da wata malamar makaranta ta yi wa iyaye a Jidda, kamar yadda aka rubuto ta daga rikodi.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena mata, yayyena da ƙannena, da Alhazan da ke can bayan labule, sannunku da fitowa. Na san wasunku mota biyu suka hau kafin su iso, alhali shekarun baya da ƙafa muke zuwa gidajen juna.

Daga nan ma zan fara. A ƙarshen 2021 aka soma rusau, abin da mutanen garin nan ke kira hadad. Gulail, Bitrumin, Karantina, Sabil, Kandara, Nuzla Yamaniyya. Duk wanda ya zauna a waɗannan unguwanni ya tuna safiyar da ya fito ya tarar an fesa jan fenti a bango, an rubuta ikhla, wato a tashi. Mai gida ɗan ƙasa yana da hanyar neman diyya. Mai haya kuwa sai dai ya ɗaure kayansa ya shiga neman ɗaki, ga haya ta yi tashin gwauron zabi. Maƙwabciyar da ke riƙe miki yaro in za ki asibiti ta koma gabas, ke kin koma arewa. Tsohuwar da ke wa masu jego wanka, Allah kaɗai ya san inda ta sauka. Abin da ya rage mana na unguwa shi ne zauren WhatsApp.

Ba na raina wannan zaure. Na taɓa farkawa ƙarfe biyu na dare na ji saƙon muryar wata ƙanwata, haihuwarta ta fari, murya na rawa, jaririn ya yi zafi rau ya ƙi kama nono. Kafin in gama saurare mutum huɗu sun amsa, ɗaya ta ce maigidanta ya riga ya tada mota. A zauren nan ake sanar da mu ranar da aka buɗe rajistar aji ɗaya a tsarin Nur, wato shafin intanet na rajistar ɗalibai a makarantu. A nan muka koya wa juna shiga Madrasati, manhajar karatu daga gida, a 2020, lokacin da korona ta mai da falo aji. A nan ake haɗa wa bazawara gudummawa in sabunta igamar 'ya'yanta, wato takardar izinin zama, ya zo, tunda kuɗin iyali da baƙi ke biya, wanda aka fara da riyal 100 a wata kan kowane mutum a 2017, ya kai 400 a 2020. Uba mai mata da 'ya'ya huɗu, riyal 2,000 ke nan duk wata, bai ci ba bai sha ba.

To amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Akwai wani rami da ya buɗe a kan hanyar da yaranmu ke bi zuwa makaranta, ruwan kwata ya taru a ciki, sauro ya yi gida. Mako uku ana maganarsa a zaure. Hoto ya fi ashirin. Kowa Allah ya kyauta, kowa Allah ya tsare. Har wani yaro ya zurma ƙafa ya dawo gida da jini a ƙauri. Ranar ce wata yarinya, 'yar ɗaya daga cikinku, ta kira 940, lambar kai ƙorafi ga baladiyya, wato hukumar gari, ta faɗi sunan titi, aka ba ta lambar ƙorafi, ta saka mana a zaure. Abin da ya gagari iyaye ɗari biyu a mako uku, minti biyar ya ɗauke ta.

Me ya hana mu? Na san amsar, don ni ma da ita aka raine ni: mu baƙi ne, ba ruwanmu da siyasa. Iyayena, wace siyasa? Nan ba jam'iyya, ba kamfe. Zaɓen majalisun baladiyya sau uku aka yi, 2005 da 2011 da 2015, a na ƙarshen ne mata suka fara jefa ƙuri'a har wasu suka ci kujera, kuma na 'yan ƙasa ne zalla. Siyasar da ta shafi mai goyo ita ce fitilar titi, da kwata, da motar shara, da makarantar da za a tura ɗanta. Wannan kuwa tana da ƙofofi a buɗe. Akwai umda, wato mai unguwa. Akwai cibiyoyin unguwanni, marakizul ahya. Akwai majalisar iyaye a makaranta, wadda ake kiran taronta mu ƙi zuwa, sai an yanke magana mu dawo zaure muna mita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in bai faɗa wa magini ba, wa zai hau rufin?

Ku tuna ambaliyar 25 ga Nuwamba 2009, alhazai na haramar Mina, ruwa ya ci mutum fiye da 120, unguwar Kuwaiza ta fi kowa jin jiki. Mutanen gari ne suka ɗauki bidiyo da wayoyinsu suka zuba a YouTube da Facebook, kowa ya ga motoci a kan motoci. Sarki Abdallah ya ba da umarnin bincike, aka kuma ba iyalan kowane mamaci riyal miliyan ɗaya. Abin da mazauna suka gani da idonsu, suka nuna shi yadda yake, ya yi nauyi.

Yadda yake fa na ce. Dokar laifukan intanet ta 2007 tana nan, hukuncinta kan yaɗa jita-jita na iya kaiwa ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan uku. Saƙon da aka ce wai an ce, kar ki tura. Zagin malami ko ma'aikaci da suna, kar a yi shi a zaurenmu. Hoton igamar yaro kuma ba kayan zaure ba ne, ki tura wa wadda za ta taimake ki ita kaɗai.

Sai ku 'yan'uwanmu masu jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, waɗanda kakanninku suka tako daga Kano da Sakkwato da Hadeja, suka ratsa Sudan shekara da shekaru kafin su ga Ka'aba. Larabcinku ya fi namu, ofisoshin nan ba sa ba ku tsoro. A cikin zauren nan akwai uwar da takardunta suka mutu, ko ƙofar makaranta ba ta iya tsayawa ta yi tambaya. Ɗanta da naku rami ɗaya suke tsallakewa da safe. In kin je wurin umda, ki tafi da maganarta a bakinki.

Abin da nake roƙo yau kaɗan ne. Kowane zaure ya fitar da mutum biyu, mace da namiji, ɗaya aƙalla mai karanta Larabci. In an kawo kuka, su tambayi titi da rana da hoto, su kai inda ya dace, su dawo mana da lambar ƙorafi. In mako biyu ya wuce shiru, su koma. Ga takarda nan tana zagawa, Hajiya a fara daga layinku. A rubuta suna da unguwar da ake zaune yanzu, da kuma wadda aka baro, don akwai tsofaffin maƙwabtan da har yau ba mu gano inda suke ba.