Yadda Linux ya koya wa JIT kiran ƙaramin aiki

Jama'a, sannunku da warhaka. Wayar Android ɗin da ke aljihunka, ko a kasuwar Wudil ka saye ta ko a Ringim, kanel ɗin Linux ne ke tafiyar da ita. Kanel shi ne zuciyar manhaja, mai raba wa kowa aiki. A wayoyin da suka fito tun daga Android 9, galibi lissafin datar da kowace manhaja ta sha yana bi ta wasu ƙananan shirye-shirye da ake cusawa cikin kanel, ana ce musu eBPF.

Shirin eBPF ba da yaren na'ura yake zuwa ba. JIT, wato mai fassara da ke cikin kanel, shi ne ke juya shi nan take zuwa umarnin da furosesa ke ganewa, don ya yi gudu.

To, kafin Linux 4.16 na shekarar 2018, shirin eBPF ba ya iya kiran wani ƙaramin aiki nasa, wato guntun umarni da ake rubutawa sau ɗaya a riƙa kira duk inda ake buƙata. In kana buƙatar lissafi ɗaya a wuri biyar, sai a kwafe shi sau biyar, shirin ya kumbura a banza.

Me ya sa abin ya yi wuya? Umarnin kira yana buƙatar adireshi. Amma lokacin da JIT ke fassara mai kira, wanda za a kira bai samu mazauni a ma'adana ba tukuna. Kamar rubuta wa ɗan cirani wasiƙa ne alhali bai kama ɗaki ba: sai ka bar gurbin adireshi. Haka JIT ke yi. Ya fassara kowane aiki daban, kowa ya samu wurinsa, sannan ya sake zagayowa ya cike gurabun. Wannan zagaye na ƙarshe shi ya fi burge ni, domin dole tsawon umarnin ya zauna yadda yake. In ya motsa ko da bayit ɗaya, adireshin da aka lissafa sun tashi aiki.

Akwai kuma ƙa'idar rajista, wato ƙananan gurabun da shiri ke riƙe lambobi a cikinsu yayin aiki. R1 zuwa R5 ke ɗaukar saƙo, R0 ya dawo da amsa, R6 zuwa R9 kuwa amana ce, wanda aka kira zai mayar da su yadda ya same su.

Mai tantancewa na kanel, wanda ke bincika kowane shiri kafin a bar shi ya yi aiki, shi ma bai saki jiki ba. A 4.16 ya kafa iyaka: kira cikin kira kada ya wuce hawa 8, wurin ajiyar wucin gadi na dukkansu bayit 512, kuma aiki ba zai kira kansa ba. Shirin da ya saɓa, ba zai ma kai ga JIT ba.