Dajin da Bishiya Ta Zame Masa Cuta

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena da ke zaune a gaba, da ku ɗalibai, ina yi muku barka da yamma.

Na san abin da zan faɗa zai yi wa wasunku banbaraƙwai. Mu nan tun muna firamare ake ce mana mu dasa bishiya, wanda ya sare ta kuma ya yi laifi, kuma a ƙasar da hamada ke matsowa gaskiya ne. To amma yau zan kai ku yammacin Amurka, jihohin Oregon da Nebada da Idaho, inda gwamnati ke biyan mutane kuɗi su shiga daji da zarton inji su sare bishiyoyi, don ceton dajin.

Wurin fili ne fetal, ruwan sama kaɗan, sanyi mai tsanani. Abin da ya rufe shi wani ɗan guntun tsiro ne mai launin toka, dangin tazargaden da iyayenmu mata suka sani, har ƙamshinsu ya yi kama. A cikinsa wani tsuntsu ke rayuwa, girmansa kamar zabo, Turawa na ce masa sage-grouse. Ni dai bari in riƙa ce masa zabon tazargade. Da hunturu kusan ba ya cin komai sai ganyen wannan tsiro. Idan hunturu ya fara wucewa, mazan sukan taru a wani dandali tun da asuba, su baje jela, su hura wasu jakunkuna biyu masu ruwan ɗorawa a ƙirji, matan na gefe suna zaɓe. Dandalin nan ɗaya ne, shekara da shekaru can suke komawa.

To ina matsalar? Bishiyar junifa da 'yar uwarta finiyon, masu ganye siriri da ba ya zuba. Da can a kan duwatsu suke, inda wuta ba ta kai wa. Duk wadda ta tsiro a fili, gobarar daji kan cinye ta tun tana ƙarama, ko ta tsawa ko wadda 'yan asalin ƙasar ke cinnawa da gangan. Daga wajen 1860 baƙi suka shigo da shanu da tumaki, suka cinye ciyawar da wuta ke bi. Sannan a watan Agustan 1910 wata gobara ta cinye kusan eka miliyan 3 a Idaho da Montana cikin kwana biyu, ta kashe mutum fiye da 80. Hukuma ta tsorata ƙwarai. A 1935 hukumar gandun daji ta kafa dokar cewa duk wutar da aka gani a kashe ta kafin ƙarfe 10 na safiyar washegari. Wuta ta daina zuwa, junifa ta sauko fili.

Ku lura da wannan, don shi ne abin da ya fi ba ni mamaki. Tsuntsun ba ya jira sai daji ya cika. Binciken da aka wallafa a 2013 kan Oregon ya gano cewa da zarar inuwar bishiya ta wuce kashi 4 cikin 100 na fili, ba a ƙara samun dandalin da ake taruwa. Kashi huɗu fa! Kai da ka tsaya kana kallo, 'yan bishiyoyi ne jefi-jefi. Shi kuwa abin da yake gani wurin saukar shaho ne, da hankakan da ke fasa masa ƙwai.

Idan aka ƙyale bishiyoyin, sai su haɗe kai, su shanye ruwan ƙasa, tsiron da ke ƙarƙashi ya mutu. Ranar da wuta ta zo kuma, ba ta bin ƙasa kamar da, sama take hawa ta bi kawunan bishiyoyi, ta bar ƙasa tsirara. Abin da ke riga kowa tsirowa a nan wata baƙuwar ciyawa ce mai saurin bushewa, ita kuma sai ta sake jawo wata wutar.

Tun 2010 ma'aikatar noma ta Amurka ke haɗa kai da makiyaya kan wannan aiki. Ƙananan bishiyoyi a sare, a daddatsa rassan a watsa. Masu yawa a tara su tsibi-tsibi, a jira dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa sannan a ƙona. A ganina hikimar tana ga fara aikin da wuri, tun tsiron ƙasa na da rai. An fi samun sauƙin kuɗi, kuma filin kan farfaɗo da kansa.

Wani zai ce, Malam, ke nan a share su duka? A'a. Akwai junifar da ta haura shekara 1,000, kanta a baje, jikinta a murɗe, tun asali wurinta ne. Akwai kuma wani shuɗin tsuntsu da ke rayuwa da ƙwayar finiyon, yana binne ta a ƙasa har wasu su tsiro, kuma yawansa ya ragu sosai. Shi ya sa kafin mai zarto ya shiga, sai masani ya riga shi, ya dubi siffar kowace bishiya, inda ya yi shakka ya huda gindinta ya ƙirga zoben shekarunta, ya shafa fenti a jikin waɗanda za a bari.

Na ga hannu a baya can. Bismillah, ɗan'uwa, yi tambayarka.