Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Aikin Gona daga Masu Kiwon Zuma

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Girma Kwamishinan Aikin Gona, ranka ya daɗe. Mai Girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Dagatai da masu unguwanni, malamanmu, iyayenmu mata, da 'yan'uwana masu amya, barkanmu da wannan rana.

A madadin masu kiwon zuma na wannan yanki, ina yi wa babban baƙonmu barka da zuwa, sannu da hanya. Mun daɗe muna jiran ranar da hukuma za ta tako har gindin ɗorawa, yau Allah ya nufa.

Ranka ya daɗe, kafin a kai ka wurin amyoyin, ka ba ni dama in faɗi abin da ke cikinsu. Amya mai ƙarfi tana ɗauke da ƙudaje dubu 20 har zuwa dubu 60, a cunkushe, ga ɗumi wajen digiri 35, ga abinci jibge. Gidan mutane da ya cika haka, annoba ba ta ƙyale shi. Amma a 2006 da masana suka karance ƙwayoyin halittar ƙudan zuma, sai suka tarar waɗanda ke kula da garkuwar jikinsa kusan sulusin na sauro ne kawai. Aka zaci zaman taro ne ya rage su. A 2015 aka duba danginsa masu zaman kaɗaici, irin waɗanda mace guda ke haƙa raminta ta yi ƙwai, aka ga su ma nasu kaɗan ne. Ashe ƙarancin ya girmi taron. Da taro ya zo, sai ya zo da tasa garkuwar, wadda ke cikin ɗabi'a.

Mu da muke buɗe amya muna ganin wannan da idonmu. Ƙudaje ma'aikata kan sansano tsutsar da ta kamu da cuta tana cikin ɗakinta a rufe, su fasa murfin, su jawo ta waje tun cutar ba ta bazu ba. Akwai masu kwashe gawa su yar da ita nesa. Wadda ta ji ciwo ya ci ƙarfinta kan fice ta mutu a daji. Ƙaron da suke kwasowa daga itatuwa suna shafe bangon amya, wanda wasunmu ke kankarewa don sun ɗauka datti ne, magani ne mai kashe ƙwayoyin cuta. Idan wata cutar fumfuna ta kama tsutsotsi, sukan haɗu su ƙara wa ɗakin zafi, wato gida guda ya yi zazzaɓi. Ita kuwa sarauniya takan sadu da maza goma sha wani abu, don haka 'ya'yanta uwa ɗaya uba daban-daban ne, cuta ɗaya da wuya ta kwashe su duka.

Wata 'yar kaska mai addabar ƙudan zuma, mai suna baruwa, da ta fito daga Asiya, ta shiga Amurka a 1987, har yau masu kiwo can sai da magani suke riƙe amyoyinsu. Ta isa Afirka ta Kudu a 1997, ƙudan can ya jure ta ba tare da magani ba. Wannan juriya ta ƙudan Afirka dukiya ce, kuma ina tsoron da hannunmu za mu ɓarar da ita.

Shi ya sa koke-kokenmu suka tsaya a kan abin da ke wargaza taron. Mai ɗiban zuma da wuta yana ƙone ma'aikatan da ke tsaftace gida, wanda ya saura ya rasa mai kula da shi. Muna roƙon a taimaka mana da amyoyin katako da injin hayaƙi. Feshin maganin ƙwari da rana tsaka, lokacin da wake da riɗi ke fure, yana raunana waɗanda bai kashe ba. A umarci malaman gona su koya wa manoma yin feshi da yamma. Sannan masu gawayi sun tasa ɗorawa da kaɗanya a gaba, alhali nan ne abincin ƙudan da makwancin amyarmu.

Ranka ya daɗe, an tanadar maka rigar kariya. Bismillah, mu ƙarasa a buɗe maka amya ta farko.